Wasiƙa Daga Agege: Kada Ka Karɓe Mata Alƙalami

Agege, Legas.

Aminina,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara da duk jama'ar unguwar Nima a Akra. Mu nan alhamdu lillahi, sai ruwan sama da cunkoson motoci da ka san Legas da su.

Saƙonka ya iso, kuma maganar 'yarmu ce ta tsaya mini a rai. Ka ce ta cika littattafan makaranta da ƙagaggun labarai, kana tsoron ta shagala ta saki lissafi da kimiyya, har kana tunanin karɓe su. Don Allah ka dakata, ka ji labarin wata baiwar Allah tukuna.

Hajiya Hadiza Isma El-Rufa'i nake nufi. Na san da jin sunan za ka ce ai matar tsohon gwamnan Kaduna ce, kuma na san ra'ayinka kan siyasar maigidanta. Wannan ka ajiye shi gefe. Abin da ke damuna shi ne yadda sunansa yake danne aikin da ta yi da hannunta. A Kano aka haife ta a 1960. Zanen gine-gine ta karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta ƙara da babban digiri a harkar gudanar da kasuwanci. Ta koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, ta yi aiki a NEPA. Tana wajen shekara hamsin, da 'ya'ya manya, ta sake zama ɗaliba a jami'ar Bath Spa ta Ingila don ta koyi rubutun labari. Ka ga ke nan lissafi da alƙalami ba kishiyoyin juna ba ne.

A 2011 Allah Ya karɓi ran 'yarta Yasmin a Landan. Ni da kai mun binne namu, mun san yadda irin wannan rashi yake daƙile mutum ya kasa ko fita ƙofar gida. Ita kuwa a 2013 ta kafa gidauniya da sunan marigayiyar, Yasmin El-Rufai Foundation, a kan abu biyu: koya wa yara rubutun ƙirƙira, musamman 'yan mata, da koya wa matan da makaranta ta wuce su karatu da rubutu. Wannan na biyun shi ya fi taɓa ni. Nan unguwarmu akwai mata masu sana'a, masu abinci da masu sarin tumatir daga kasuwar Mile 12, waɗanda ba a cutarsu a ciniki ko na sisi. Amma idan saƙon banki ya shigo waya, sai an kira ɗan maƙwabta ya karanta, ya san sirrin aljihunta kaf. Katin asibiti ma haka. Duk wanda ya cire wa mace wannan ƙaya ya yi sadaka mai gudana, ko matar wa ce.

Littafinta, An Abundance of Scorpions, ya fito a 2017, kuma nan Legas kamfanin da ya buga shi yake, Ouida Books na marubuciya Lola Shoneyin. Labarin wata mata ce, Tambaya, da ta rasa miji da 'ya a haɗarin mota. Ta nufi wurin ɗan'uwanta a nan garinku, Akra, zama bai yi daɗi ba, ta ƙare tana kula da yara a gidan marayu a Abuja. Kai za ka fi ni iya faɗin ko ta kama zaman mutanenmu na Gana daidai. Ni dai sashen gidan marayun ne ya riƙe ni, don marubuciyar ta taɓa aikin sa kai a irin wannan gida, kuma za ka ji hakan a rubutun. Ba ta mai da Tambaya abar tausayi kawai ba. Mace ce ta Arewa, musulma, mai neman na kanta, irin wadda muka sani a gidajenmu amma ba kasafai 'yan Kudu ke haɗuwa da ita a littafi ba.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma da gaske nake: da Turanci aka rubuta shi. Matan da suka fi kowa gane Tambaya su ne ba za su iya karanta ta ba, alhali matanmu sun daɗe suna sayen littattafan marubutan Kano suna ba juna aro. Ina fatan ganin ranar da zai zo hannunsu da Hausa.

Na saya wa 'yarmu kwafi a Ikeja, zan ba wani ɗan kasuwa mai zuwa wajenku bayan Juma'a. Ka fara karantawa kafin ka miƙa mata, don akwai wuraren da suka yi wa yarinya nauyi. Ka yanka mata lokacin aikin makaranta, sauran ka bar ta da labaranta, kuma in da Hausa take rubutawa kada ka ce sai ta juya. Ka ɗauki hoton guda ɗaya ka turo mini ta WhatsApp, ka gaya mata baffanta na Legas yana jira.

A gaida uwargida, a shafa mini kan yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka,
Amininka na Agege