Wasiƙa zuwa ga 'yata mai karatun tono kayan tarihi

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya. Mahaifiyarki ta ce kin gaji da laccocin ra'i, kin ƙosa a fita fili ki kama tono. To, ki bi a sannu.

Duk wurin da aka tona ya tafi ke nan. Da zarar kin kwashe shimfiɗar ƙasa babu mai mayar da ita, sai dai abin da kika rubuta, kika zana, kika ɗauka a hoto. Ki tuna Bajamushen nan Hainirik Shiliman, wanda ya fara tono gadan-gadan a tudun Hisarlik na Turkiyya a 1871, yana neman tsohon birnin Turoi, wanda labaran Girkawa na dā suka ce an yi babban yaƙi a kansa. Garin sauri ya tsaga wawakeken rami, ya ratsa garuruwan da aka gina ɗaya kan ɗaya, ya zubar da su. Zinariyar da ya samu a 1873 kuwa, daga baya aka gano ta girmi zamanin da yake nema da kusan shekara 1,000. Ƙarfin hali yana da shi, haƙuri ne ya rasa.

Ko guntun gawayi kika tsinta, kar ki ɗaga sai kin auna zurfinsa, kin rubuta shimfiɗar da yake ciki da abin da ke kwance kusa da shi, sannan ki sa shi a leda mai lamba. Awon kabon-14 (wani sinadari da ke cikin duk abin da ya taɓa rayuwa) da masanin kimiyya Wilad Libi ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940 zai faɗi shekarun gawayin, tunda rabin kabon-14 ɗin da ke cikinsa na narkewa duk shekara 5,730. Amma ba zai ce ga tukunyar da aka ɗora kan wutar ba. Wannan sai littafinki.

Batun ra'i kuma, tsingaro ba ya magana, tambayar da kika je da ita yake amsawa. Masanin tono kayan tarihi Luwis Binfod ya dage a shekarun 1960 cewa a gwada kowane hasashe kamar a kimiyya. Wani masanin kuma, Iyan Hoda, ya zo a shekarun 1980 ya ce ina aka bar ma'anar da masu kayan suka ba kayansu? Ni dai na fi karkata ga Hoda, amma ki karanta su duka kafin ki zaɓi ɓangare.

Idan an kai ku fili aka ba ki rariya, kar ki raina, ƙananan duwatsun ado da ƙasusuwan kifi a nan suke fitowa. Ki riƙa rubutu da fensir, biro na zuba idan takarda ta jiƙe. Ki sha ruwa sosai.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki