Kwanciya Ba Ita Ce Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana da 'yan'uwana masu jinyar iyaye a gida, musamman waɗanda hawan jini ya buge har ɓarin jiki ya shanye.

Akwai tausayin da muke yi wanda cutarwa ce. Da an sallamo mutum daga asibiti sai a shimfiɗa masa katifa, abinci a kawo, fo a kawo, kowa na cewa "Baba kar ka motsa, za ka faɗi." Kafin a ankara ƙafar mai lafiyar ma ta saki. Ranar da ya yunƙura cikin dare zai kama ruwa babu kowa kusa, ranar zai faɗi, kuma sau da yawa ta ɓangaren da ya shanye, inda hannu ba zai iya tare ƙasa ba. Karayar ƙugu ga dattijo kuwa, Allah Ya kiyaye.

Mahaifiyata nake jinya, ɓarin hagu ne ya taɓu. Abin da ma'aikaciyar gashin ƙashi ta fara koya mana shi ne tashi daga zaune. Hajiya ta zauna a kujera mai ƙwari, ba 'yar tsugunno ba, tafin ƙafa biyu a ƙasa, ta sunkuyo gaba, ta miƙe, sannan ta koma a hankali ba ta faɗa jagwab ba. Bayan haka ta dafa taga ta riƙa karkata nauyinta kan ƙafar da take tsoro. A nan rigimar take, don ba ta yarda da ƙafar ba, sai da lallashi. Ni kuma ina tsaye ta hagunta, riƙe da ɗankwalin da na ɗaura mata a ƙugu. An gargaɗe mu kada a taɓa jan ta da hannun da ya shanye, kafaɗa na iya gocewa. Daga baya aka ƙara takun gefe da tsallake dokin ƙofa.

Ƙwaƙwalwa da maimaici take sake koyon aikin da ta rasa, kuma an fi samun sauƙi a watanni 3 zuwa 6 na farko. Watannin nan ne muke ɓatawa a kan tausa da shafe-shafe kaɗai. Sai dai a fara da sahalewar likita, a kuma ci gaba da shan maganin hawan jini.

Gida ma sai an gyara. Mun naɗe tabarmar tsakar ɗaki, mun raba ta da silifas, mun sama mata takalmi mai kama dunduniya. Alwala a kan kujera take yi, a busasshen wuri, tocila kuma tana gefen matashinta.

Kirana ga gwamnati: Jami'ar Bayero na yaye masu gashin ƙashi, amma yawancinsu sai a manyan asibitocin birni ake samunsu, irin Asibitin Malam Aminu Kano da na ƙashi da ke Dala. Talaka daga Sumaila ko Doguwa ina ya ga kuɗin ɗaukar shatar mota duk mako? A ɗauke su aiki a asibitocin ƙananan hukumomi. Gidajen rediyo kuma su riƙa gayyato su suna koyar da masu jinya, kada a jira sai 29 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware wa wannan ciwo.

Wassalam,
Wata mai jinya daga Gwale, Kano