Ban buɗe wasiƙar ba, amma na san ta zo

Assalamu alaikum Barista,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na wannan shiri. Ina sauraronku ta intanet duk Asabar daga nan Bronx, a birnin New York, yawanci ina cikin mota ina jiran a gama lodi. Ban taɓa zaton ni ma zan rubuto ba, sai ga shi abin ya zo kaina.

Ni Bazazzage ne, shekarata 11 a Amurka. Aikina raba kaya: buhunan shinkafa, manja, garin kwaki, busasshen kifi, daga sito zuwa shagunan 'yan Afirka a Bronx da Harlem. Motar ta maigidana ce, lasisin nawa ne. Da wannan lasisin nake biyan hayar gida, da shi nake aika wa Hajiya kuɗin cefane da magani duk wata.

A 2024 'yan sanda sun ba ni tikiti biyu. Ɗaya na waya a hannu ina tuƙi, maki 5 na laifi a kan lasisina. Ɗaya na gudu, maki 4. Ban yi gardama ba, na biya tarar duka biyun, na ce shi ke nan an wuce wurin. Abin da ban sani ba, a jihar New York idan makinka ya kai 6 cikin wata 18, akwai wani kuɗi daban da hukumar lasisi, wato DMV, take ɗora maka ban da tarar: dala 100 a shekara har shekara uku, da ƙarin dala 25 a shekara kan kowane maki da ya haura shida. Nawa maki 9 ne, ya kama dala 175 a shekara, 525 ke nan gaba ɗaya. Wanda bai biya ba, a dakatar da lasisinsa. To ni ban biya ba.

Dalili kuwa, na tashi daga gidan da nake zaune da yayana, ɗan kawuna, lokacin da iyalina suka iso. Doka ta ce a sanar da hukumar sabon adireshi cikin kwana 10. Na canja a banki, na canja a asibiti, na manta da wannan. Wasiƙu suka ci gaba da zuwa tsohon gida.

Makonni uku da suka wuce, ranar Laraba da yamma, aka tsayar da ni a kan titin Grand Concourse saboda fitilar baya ta mutu. Na miƙa lasisi hankalina kwance, har ina tunanin ko zan samu la'asar a masallaci. Ɗan sandan ya daɗe a motarsa. Da ya dawo ya ce in fito, in juya baya. Barista, tunda uwata ta haife ni ba a taɓa sa mini ankwa ba sai ranar, ga mutane na wucewa, ga wata mata da nake kai wa kaya tana kallo daga ƙofar shagonta. Aka kai ni ofishinsu, aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, bayan wasu sa'o'i aka sake ni da takardar da ke ɗauke da ranar da zan bayyana a kotun laifuka ta Bronx da ke titi na 161.

Washegari na ci bashi a adashenmu na biya 525 ɗin baki ɗaya, yanzu lasisin ya dawo. Amma tuhumar na nan. An rubuta mini sashe na 511 na dokar motoci da hanya, mataki na uku. Wani yaro ɗan makaranta ya zauna ya karanta mini shi da Hausa: tarar dala 200 zuwa 500, ko ɗaurin da bai wuce kwana 30 ba, ko duka biyun. Ba tarar ce ta dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne wannan ba tikiti ba ne irin na baya, laifi ne da ke zama a tarihin mutum. Kuma idan aka same ni da shi, aka sake kama ni da irinsa cikin wata 18, sai ya koma mataki na biyu, wanda ɗaurinsa ke iya kai kwana 180.

A nan ne yaron ya nuna mini wata jimla. Dokar ta ce laifin yana tabbata ne idan mutum ya tuƙa mota yana sane, ko yana da dalilin da zai sa ya sani, cewa an dakatar da lasisinsa. Na yi tsalle na ce alhamdulillahi, ai ni wallahi ban sani ba. Kuma gaskiya ce, ban sani ba.

Sai dai akwai saƙon murya a WhatsApp ɗina. Watanni kafin kamun, yayana ya aiko: "Ƙanina, ga wata takarda ta zo maka daga mutanen lasisi, ta biyu ke nan, ka zo ka ɗauka." Na saurara, na amsa masa da muryata: "To Yaya, ajiye mini, zan biyo." Ban biyo ba. Bayan an sake ni na je gidan, ya laluba saman firij ya zaro su daga ƙarƙashin kwalin shayi, ambulan biyu a liƙe, ɗaya har da tabon mai a kusurwa. Ta farko ta neman kuɗi ce, ta biyu ta dakatarwa, da ranar da za ta fara aiki a rubuce ɓaro-ɓaro.

A majalisarmu ta bayan isha'i kowa ya zama lauya. Wani ya ce in goge saƙon, in ƙona ambulan, in tsaya a kan cewa ban ga komai ba, wai su ne za su kawo hujjar sun aiko, kuma sai ma'aikacin hukumar ya zo kotu da ƙafarsa ya yi shaida, takardar rantsuwa kaɗai ba ta isa ba. Wani ya ce kada in wahalar da kaina, in amsa laifi ranar farko in biya in koma aiki. Wani direban tasi da ya taɓa shiga irin wannan ya ce tunda na riga na gyara lasisin, lauya na iya sasantawa da mai gabatar da ƙara a sauko da tuhumar zuwa sashe na 509, tuƙi ba lasisi, wanda saɓa dokar hanya ne kawai, ba ya shiga tarihin laifi. Maganarsa ce ta fi kwanta mini, amma shi ma ba lauya ba ne. Yayana kuwa bai yi doguwar magana ba. Cewa ya yi in aka kira shi aka rantsar da shi, abin da ya faru zai faɗa, kada in sa shi a tsaka mai wuya. Na ji haushinsa a daren, yanzu kuma na daina.

To Barista, mutumin da aka gaya wa wasiƙa ta zo bai je ya buɗe ba, a idon doka ya sani ne ko bai sani ba? Rashin canja adireshin da na yi ya rufe mini wannan ƙofa ke nan? An ce kotu za ta ba ni lauya kyauta idan ba ni da halin ɗauka. In na nuna masa saƙon muryar da ambulan ɗin, sirri ne tsakaninmu, ko dole ya kai wa alƙali? Ni dai zuciyata ba ta yarda da gogewar ba, ina tsoron kada garin neman gira in rasa ido. Sannan biyan da na yi washegari, taimako ne gare ni ko amsa laifi ne?

Akwai kuma maganar takardu, wadda ita ce ke hana ni barci. Ina da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, kuma badi nake shirin neman zama ɗan ƙasa. Na san fom ɗin yana tambaya ko an taɓa kama mutum, kuma dole in ce e. Wannan kamun zai iya jawo a ƙi ni, ko a tsare ni a filin jirgi in na je Zariya na dawo? Hajiya ba ta da lafiya, na yi mata alkawarin zuwa da Babbar Sallah. Ko ita ko matata ba wadda ta san an sa mini ankwa. Matata dai na ce mata tikiti ne.

Maigidana ya karɓe makullin motar, ya ce sai an gama shari'a, don shi ma doka na iya hawa kansa in ya bar wanda aka dakatar ya tuƙa motarsa da saninsa. Na nuna masa lasisin ya dawo, ya ce ya ji, amma in ci gaba da ɗaukar buhu a sito tukuna, a rabin abin da nake samu.

Saura kwana 12 in shiga kotu. Don Allah in zai yiwu a karanta wannan a shirin Asabar mai zuwa, a kuma sakaya sunana.

Naka mai sauraro,
wani direba daga Bronx