Sa hannu ta waya a takardun fim: doka ta yarda, amma ba irin wanda muke yi ba

Assalamu alaikum, Edita. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana masu sana'ar fim, musamman mu da muke yini a ofisoshin Zoo Road a Kano.

Aikina shi ne riƙe takardu da lissafi a lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, kodayake a da takardun suna ne kawai. Furodusa ya kira jarumi a waya, a yi ciniki, a tura kafin alƙalami, shi ke nan an ƙulla. Abin dariya, muna cewa kafin alƙalami alhali alƙalamin bai taɓa takarda ba. Lokacin kaset da faifan CD hakan bai dame mu ba, domin ɗan kasuwa ba ya tambayar wa ya ba ka izinin waƙa. Yanzu kuwa fim mai dogon zango ake yi, ana kai wa gidajen talabijin da manhajojin kallo, su kuma kafin su biya sai sun ga takardar marubuci, ta 'yan wasa, ta mawaƙi, har da ta mai gidan da aka ɗauki fim a ciki.

Haka ta faru da mu. Wani kamfani ya nemi sayen shirinmu, ya aiko da jerin takardun da yake so. Da muka zo kan mawaƙin da ya yi waƙar buɗe shirin, sai muka tarar ba mu da komai sai muryarsa a WhatsApp yana cewa, "Ba komai Yallabai, ku yi amfani da ita." Shi kuma ya yi tafiya, ba ya ƙasar. Wani yaro a ofis ya ce abu mai sauƙi ne, akwai sa hannunsa a wani tsohon rasit, sai a yanko hoton a manna a ƙasan yarjejeniyar. Wallahi saura kaɗan mu yi, don ga kuɗi na jira. Allah ya taimake mu muka fara tambayar lauya, ya ce mu ajiye wannan dabara tun kafin ta kai mu gidan yari.

Ga abin da na koya. Dokar Nijeriya ta amince da sa hannu ta na'ura. Sashe na 93 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk inda ake buƙatar sa hannu, na na'ura ya wadatar, gyaran da aka yi wa dokar a 2023 kuma ya ƙara fayyace batun. Dokar Laifukan Intanet ta 2015, a sashe na 17, ta ce irin wannan sa hannu yana ɗaure wanda ya yi shi a harkar ciniki, kuma wanda ya musa cewa nasa ne, shi zai kawo hujja. Amma sashen nan dai shi ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan 10, ko duka biyu, ga wanda ya ƙirƙiri sa hannun wani don yaudara. Dokar ta kuma cire wasu abubuwa daga wannan tsari na sa hannu ta na'ura, kamar wasiyya da takardun aure da saki, amma kwantiragin ɗan wasa ba ya cikinsu.

Saƙon muryar nan ma da muke taƙama da shi bai fisshe mu ba, saboda Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta ce miƙa haƙƙi kacokan ba ya tabbata sai a rubuce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, ashe ba zanen sa hannun ne abin dubawa ba. Abin da alƙali zai nema shi ne hanyar da za ta nuna wane ne ya sa, a kan wace takarda, yaushe, kuma ba a taɓa ta ba bayan nan. Mawaƙinmu ta manhajar sa hannu muka tura masa. Ya buɗe ta imel ɗinsa, lambar sirri ta shigo wayarsa, ya shigar da ita, ya zana da yatsa. Manhajar ta fitar da wani shafi na daban mai ɗauke da rana da lokaci da adireshin da aka yi amfani da shi. Lauyan ya ce wannan shafin mu riƙe shi kamar takardar fili, domin sashe na 84 na Dokar Shaida yana neman bayanin na'urar da ta samar da takarda kafin kotu ta karɓe ta. Mu da muke canza waya kamar riga, mu bar komai ya tafi da tsohuwar!

Sai dai kada mu ɗauka manhaja ta gama magana. Akwai wata dattijuwa a ƙauye da muka yi kwana tara muna ɗauka a tsakar gidanta, har awakinta sun fito a shirin. Ba ta da babbar waya, ba ta karanta boko, balle Turancin lauyoyi. Da an miƙa mata waya an ce, "Iya, goga nan," da ta goga, don tana ganin mu 'ya'yanta ne. Wannan ba yarda ba ce. Akwai dokar da ke kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta a karanta masa takarda a fassara, wanda ya rubuta kuma ya sa sunansa da adireshinsa. Don haka komawa muka yi da takarda da tawada, aka karanta mata da Hausa a gaban ɗanta da mai unguwa, ta yi tambaya ko za a sake zuwa a ɗaga mata kaya, sannan ta dangwala. Yaran da ake sawa a fim su ma iyayensu ne za su sa hannu, ba yayan da ya rako su lokeshin ba.

Na san masu cewa takarda alamar rashin yarda ce, mu 'yan amana ne. To ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma ba don ana zargin kowa ba.

Roƙona ga shugabannin MOPPAN, wato ƙungiyar masu sana'ar shirya fina-finai, da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano shi ne su zauna da lauyoyi a fitar da samfurin yarjejeniya guda, Hausa a gefe, Turanci a gefe, shafi biyu kacal, wanda ƙaramin furodusa zai cike ya tura ta waya. Kai kuma Edita, don Allah ka nemo mana lauya ya yi bayani a shafinku na nishaɗi, ko da mako biyu ne a jere, ya fara da batun mawaƙa, don a nan rigimar ta fi yawa.

Naka,
Wani mai riƙe takardun fim, daga Kano