Wasiƙar godiya ga kamfanin da ya yi mana rufin kwano

Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe manaja, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatanka, na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin aikin da kuka yi a gidana ya fi ƙarfin a ce "na gode" a waya a ajiye. Damina ta zo ta wuce a kan rufin, ko ɗigo bai sauko mana ba, iska kuma ba ta ɗaga ko bakin falle ɗaya ba.

Abin da ya fara saye ni shi ne injiniyanku bai zo da niyyar tusa mini mafi tsada ba. Zama ya yi ya bambance mini kwanon alminiyom, wanda ba ya tsatsa amma yana saurin lotsewa, da na ƙarfe mai shafen tutiya, wanda ya fi ƙwari amma tsatsa na jiran ranar da shafen zai ƙare. Sai ya nuna mini na uku, ƙarfen da aka shafe da haɗin alminiyom da tutiya, kashi 55 cikin ɗari alminiyom ne, irin wanda kamfanin Bethlehem Steel na Amurka ya fara fitarwa kasuwa a 1972. Shi muka ɗauka. Ranar da kaya suka iso, a gabana aka sa ma'auni aka gwada kaurin kwanon, ya yi daidai da milimita 0.45 da aka rubuta a takarda. Duk wanda ya taɓa gini ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ya kuma faɗa mini aibin kwano ba tare da na tambaya ba: yana ɗaukar zafi, kuma yana da ƙara in ana ruwa. Sai ya kawo maganinsu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in bar baƙi da ruwan ƙasa duk da sun fi burge ido, in ɗauki launi mai haske da ke mayar da hasken rana. Aka shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon, aka bar kafofin da iska za ta riƙa ratsawa tsakanin rufi da silin. Yanzu da tsakar rana ana iya zama a ɗaki, in ana ruwa kuma ba sai an ɗaga murya ba.

Amma inda na fi so jama'a su ji shi ne aikin kafintocinku, don a nan ne rufi yake gyaruwa ko ya lalace, kuma mai gida ba ya gani tunda yana ƙasa. Da almakashin ƙarfe suka riƙa yanka kwano, ba su kusanto shi da injin da ke tartsatsi ba, saboda zafinsa yana ƙone shafen, ɓarɓashin da yake watsawa kuma shi ke fara tsatsa. Kowace yamma sai sun share rufin kafin su sauko. Ƙusoshin da suka sa masu murɗawa ne da roba a wuya, kuma ba su matse su har robar ta fashe ba. Babban kafintan ya ce mini ƙarfe yana miƙewa da rana yana tsukewa da dare: falle mai tsawon mita 10 kan ƙaru da kusan milimita 5 in zafi ya hau da digiri 40, na alminiyom kuwa ya kusa ninka hakan. Wanda bai bar wa kwano wannan sararin ba, ramin ƙusa zai yi ta faɗi har yoyo ya fara. Haɗin fallaye ma sai da suka duba inda iska ta fi tasowa, suka sa bakin haɗin ya juya wa iskar baya. Ƙananan abubuwa ne, amma da yayyafi kogi kan cika.

Sauran amfanin kwano kowa ya san shi. Ba ya cin wuta, gara ba ta da rabo a jikinsa, kuma ba shi da nauyi: murabba'in mita ɗaya bai wuce kilo 5 ba, alhali tayal ɗin rufi na siminti ya haura kilo 40, don haka katako da bango sun huta. Ruwan da indararo ke kai wa tanki shi ma riba ce, muddin an bar na farko ya wanke ƙura ya zube, kamar yadda kuka koya mana.

Bayan ruwan sama na farko, ma'aikacinku ya dawo ba tare da mun kira ba, ya hau ya bi ƙusoshin, ya gyara zaman indararo ɗaya da ya ɗan karkace. Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, ka riƙe babban kafintan nan da yaransa hannu bibbiyu, ka kuma isar musu da gaisuwata da ta iyalina.

Allah ya ƙara buɗi, ya tsare ma'aikatanku a duk rufin da suka hau.

Wassalam,
Wani magidanci daga cikin abokan cinikinku