Rahoton ayyukan shekarar 2024 na ƙungiyarmu ta 'yan acaɓa, Gider, arewacin Kamaru

Assalamu alaikum iyayen ƙungiya da 'yan'uwa mambobi.

Bana mafi yawan ƙarfinmu da kuɗinmu a kan rumfar cajin babura masu batir suka tafi, don haka ita ce za ta ci rabin wannan rahoto.

Kowa ya san abin da ya kai mu can. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023, zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwaurin da muke sha ta hanyar Mubi, ya daina araha. A gidan mai kuwa lita ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, sai ga ta a 840 a Fabrairun 2024. Mutum ya wuni a rana, da yamma ya miƙa rabin cinikinsa ga mai sayar da mai a kwalba. Shi ya sa wasu daga cikinmu suka sayo babur mai batir, suka dawo suka tarar babu inda za su jona shi a duk garin sai ɗakin kwanansu.

Da kuɗin mako da gudummawar dattawa muka kafa rumfa a bayan tasha, muka sa mita tamu, muka ɗora farantan sola a kan rufin. Da rana ba mu da kuka. Matsalar dare ce, lokacin da kowa ya tashi aiki yake son cika batir kafin asuba. Wutarmu ta arewa ta dogara ne da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda aka kammala a 1982, mai ƙarfin megawat 72 idan ruwa ya cika. Da bazara ruwa kan ja baya, buƙatar wuta kuma ta ƙaru saboda zafi. Tashoshin sola da aka gina nan Gider da Marwa sun rage ɗaukewar wuta, wannan gaskiya ne, amma a Maris da Afrilu mun kwana sau da yawa da babura a jere babu caji. Ni a ganina kuskurenmu ne da muka sayi faranti ba mu sayi batirin ajiya tare ba. Mun yi sauri.

Sai zancen zafi, kuma ina roƙon a saurara. Batirin litiyam ba ya son a jona shi yana da zafi. Wanda ya dawo daga ƙauye da azahar ya bar babur ya huce a inuwa tukuna. Batirin ɗan'uwanmu ɗaya ya kumbura bayan ya yi amfani da caja mai araha da wani dillali ya sayar masa, Allah ya tsare wuta ba ta tashi ba. Daga ranar kwamiti ya hana jona kowace caja a rumfa sai wadda ta zo da babur ɗin, muka ajiye bokitin yashi da tukunyar kashe gobara. Wasu sun ji haushi. Dokar tana nan.

Sauran ayyuka sun tafi yadda aka saba: an raba riguna masu lamba ga sababbin mambobi, an je dubiya da ta'aziyya, an sasanta rigimar layi ta ranar kasuwa. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, duk mai son gani ya same shi.

A badi za mu fara da batirin ajiya. Mun kuma kai takarda ofishin magajin gari muna neman fili kusa da kasuwa don rumfa ta biyu, muna jiran amsa. Ga masu shirin cin bashi su sayi babur mai batir, ku zo ku duba irin cajar da rumfarmu ke ɗauka kafin ku biya, ku kuma tambayi dillali inda ake samun batirin canji da kuɗinsa. Ranar taron wata mai zuwa za a kaɗa ƙuri'a kan ƙarin kuɗin mako, kada kowa ya aiko wakili.

Sakataren ƙungiya