Zuwa ga abokina da ke Libiya

Assalamu alaikum mutumina, ya aiki ya zaman baƙunta? Mu nan Damagaram lafiya lau, sanyi ya fara shigowa, kayan garka sun cika kasuwar Dole.

Saƙonka ya iso kuma wlh hankalina bai kwanta ba da ka ce likita ya gwada ka ya ce jininka ya hau, shekarunmu nawa ne duka? Da na tambaye ka me kake ci ka ce burodi da shayi da safe, makaroni da rana, sardin na gwangwani da lemon kwalba da dare, nan na gane inda matsalar take. Maganin da ya rubuta maka ka sha shi kan ƙa'ida kar ka bari don ka ji sauƙi, amma tukunya ma sai ka gyara ta.

Fara da gishiri. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kar babba ya wuce giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokalin shayi ɗaya kenan, har da wanda ke ɓoye cikin burodi da kayan gwangwani. Shi kuma magi kusan rabinsa gishiri ne, mu kuma sai mu murza uku huɗu a miya sannan mu ƙara barbaɗa gishiri a kai, kanwa ma kar ka raina ta don danginsu ɗaya. Kar ka yanke gaba ɗaya rana guda abincin zai yi maka lami ka koma gidan jiya, rage kaɗan kaɗan, ka ƙara albasa da tafarnuwa da citta da daddawa, harshe na sabawa cikin ’yan makonni.

Sai shayi, na san ka da ataya tun muna zaman fada a Birni, kofi na ɗaya na biyu na uku kowane da sukari kamar zuma. Lemon gwangwani guda ɗaya na Coca kaɗai yana da sukari wajen giram 35, alhali abin da ake so kar a wuce a yini bai fi giram 50 ba. Kuma wani abu da mutane ba su sani ba, shan shayi daf da gama cin abinci yana rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, ka bari a ɗan jima, in ka samu lemon tsami ka matsa a wake ko ganye shi yana taimakawa.

Abin da ke ba ni takaici dan Allah, yadda muke ɗaukar cimarmu abincin talaka. Hatsi da dawa sun fi farar shinkafa riƙe ciki da amfani musamman in ba a surfe su fes ba, ga wake, ga miyar kuka da kuɓewa, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli da ɗanyar albasa da tumatir, ga fura da nono in ba a zuba mata sukari ba. Jiya wata tsohuwa ’yar Miriya ta shimfiɗa buhu bakin hanya, kabeji da salati da karas da sauran laimar garka a jikinsu, tana ta kiran mutane suna wucewa shago sayen taliya.

Na san can ba komi ake samu ba kuma kuna dafawa ku da yawa a ɗaki ɗaya, to ka yi magana da ’yan ɗakin, tumatir da albasa da ƙwai da wake dai ba su gagara, man ma a rage, ba dole sai ya yi iyo saman miya ba. Inna ta shanya maka zogale a inuwa ta daka kuka da daddawa, duk wanda zai taho ta Agadas zan ba shi ya kawo maka.

Ka riƙa gwada jinin a farmasi kana rubutawa, in yana kai 140 bisa 90 ko ya wuce ka koma wajen likita kar ka tsaya jira, kuma ka turo min lambobin ta WhatsApp in gani. Inna na gaishe ka, yara ma, ’yan fada duk suna tambayarka. Allah ya ƙara lafiya ya maido ka gida lafiya.

Naka, abokinka na Damagaram